Kofuna Uku Sun Zube, Biyu Na Tsaye: Tasirin Halin Zuciyar Mai Duba da Katin Tarot a Kan Abin da Yake Faɗa wa Mutane

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi sana'ar duba da katin tarot a Turai da Amurka, ta yi tambaya guda: idan mai duba ya zauna gaban mutum cikin ɓacin rai, ko fargaba, ko murna, me ke samun maganar da zai ce kati ne ya faɗa? An bi tarihin katin, da gwaje-gwajen masana halayyar ɗan Adam daga 1907 zuwa 2018, da dabarun da masu sana'ar suka ƙirƙiro don kare kansu. Hujjar maƙalar ita ce halin zuciyar mai duba da abin da yake kira ilhami ta ƙofa ɗaya suke shigo masa, kuma gamsuwar wanda aka yi wa duba ba ta iya raba masa su.

Shimfiɗa

Turawan Ingila da na Faransa ba sa furta harafin ƙarshe na kalmar tarot, "taro" suke cewa. Bahaushe kuwa ya riga ya ba wannan lafazi aiki biyu, na haɗuwar jama'a da na tsohon kuɗin nan ƙanen sisi. Saboda haka za a bar wa kalmar harafinta a nan, kada takardar taro a kan taro ta rikita masu sauraro tun ba a je ko'ina ba.

Tarot karta ce mai kati 78, manya 22 da ƙanana 56. A binciken da cibiyar Pew ta gudanar a Amurka a ƙarshen 2024, ta fitar a watan Mayun 2025, kashi 11 cikin 100 na manya sun ce suna duba katin aƙalla sau ɗaya a shekara. Idan aka haɗa da masu bin taurari da masu zuwa wurin 'yan duba, adadin ya kai kashi 30. Yawancinsu sun ce nishaɗi ne kawai. Kashi 1 ne suka ce suna dogaro da shi sosai wajen yanke manyan shawarwari, amma kashi 1 na manyan Amurka ya haura mutum miliyan biyu, kuma kowannensu yana da aure ko aiki ko dukiya da zai iya ɗora wa maganar mai duba.

Hukuncin zuwa wurin mai duba a Musulunci sananne ne, hadisin da Muslim ya ruwaito game da sallar kwana arba'in ya ishi mai neman fatawa, maƙalar ba ta zo sake buɗe wannan babi ba. Haka kuma ba ta ɗauka cewa takarda mai zane ta san abin da gobe za ta haifar ba. Abin da ta sa a gaba shi ne mutanen nan biyu da ke zaune tebur a tsakaninsu, ɗaya da damuwar da ya bayyana, ɗaya da tasa da ya ɓoye. Wanda ya san bugun ƙasa ko jefa wuri ya san irin wannan zama, ko da bai taɓa ganin tarot ba sai a bidiyon TikTok.

Daga wasan fadawa zuwa duba

Katin wasa ya shiga Turai a shekarun 1370, alamominsa na farko kuma, wato kofi da takobi da sanda da tsabar kuɗi, sun yi daidai da na kartar Mamalik na Masar, wadda har yanzu akwai ragowarta a gidan tarihi na Topkapı a Istanbul. Wajen shekarun 1440 aka ƙara mata wasu katuna masu hotuna a arewacin Italiya, irin su Sarki da Fafaroma da Mutuwa da Rana da Wata, don wasan fadawan Milan da Ferrara. Fiye da shekara 300 wasa ake yi da ita, a ci wannan a cinye wancan. Sai a 1781 wani malamin Furotesta a Faransa, Antoine Court de Gébelin, ya rubuta cewa hotunan ɓoyayyen littafi ne na limaman tsohuwar Masar, alhali a lokacin babu mai iya karanta rubutun Fir'aunoni, don Champollion bai warware shi ba sai 1822. Jean-Baptiste Alliette, wanda ya juya sunansa ta baya ya koma Etteilla, shi ya mayar da zancen hanyar abinci: ya buga littattafan fassara, ya karɓi kuɗin duba, ya fitar da karta ta musamman don wannan aiki wajen 1789.

Kartar da ta fi yawa a hannun masu duba a yau ita ce wadda kamfanin Rider ya buga a Landan a 1909. Arthur Edward Waite ya tsara ta, Pamela Colman Smith ta zana. Smith ta yi abin da ya canza sana'ar: ƙananan katunan da a yawancin tsofaffin kartoci jerin kofuna ne ko takubba kawai, ita ta sa musu mutane da abin da suke yi. Kowane kati ya zama labari da aka tsayar a tsakiya.

A ɗauki katin Kofuna Biyar. Mutum ne tsaye, ya lulluɓa da baƙar alkyabba, ya sunkuyar da kai. A gabansa kofuna uku sun kife, abin da ke cikinsu ya malale a ƙasa. A bayansa, inda ba ya kallo, kofuna biyu na tsaye. Can gaba akwai kogi, da gada a kansa, da wani gini a ƙetare. A ƙaddara wata mata ta zo da tambaya a kan aurenta, mijinta ya ɗauke mata wuta wata biyu ke nan, wannan kati kuma ya fito. Mai duba ta farko, wadda nata auren ya mutu a watan jiya, za ta ɗora yatsa a kan kofunan da suka zube ta ce, "Kin daɗe kina tsaye a kan abin da ya riga ya malale. Kin ga gadar can? Hanya ce ta fita." Ta biyu, wadda aka sa wa rana makon da ya wuce, za ta nuna na bayan ta ce, "Ki waiwaya, akwai sauran biyu da ba ki lura da su ba. Gadar can gida take kaiwa." Babu wadda ta yi ƙarya a cikinsu, babu wadda ta fita daga littafi. Amma ɗaya ta tura matar wurin lauya, ɗaya ta mayar da ita ɗakinta.

Wannan sassauci a jikin kartar yake. A katin Takubba Goma mutum ne kwance rub da ciki, takubba goma a bayansa, sama baƙi ƙirin, sai wani haske rawaya a ƙasan sararin. Wani zai ce alfijir ne, wani ya ce faɗuwar rana. Waite da kansa, a littafin da ya rubuta don rakiyar kartar, ya amsa cewa fassarorin katin Sanduna Biyu ba sa haɗuwa, domin ɗaya arziki da ɗaukaka take nufi, ɗaya cuta da baƙin ciki. Sannan ga lissafi: idan kati uku kawai za a jera, akwai jeri 456,456 da za su iya fitowa, kafin a sa zancen katin da ya fito a kife, wanda ke ninka adadin sau takwas. Shahararren jerin da Waite ya yaɗa kati goma ne. Babu littafin da ya tanadi fassarar kowane haɗi. Mai duba ne ke ɗinke su su zama zance, kuma zaren daga cikinsa yake fitowa.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin amfanin hoto mai harshen damo. Hermann Rorschach ya fitar da tabon tawadarsa guda goma a 1921, Christiana Morgan da Henry Murray suka biyo da hotunan ba da labari a 1935, duk a kan tunanin cewa wanda aka nuna wa hoton da bai fayyace kansa ba, abin da ke ransa zai zuba a ciki. Ana ta gardama har yau a kan ingancin waɗannan gwaje-gwaje, amma abin lura a nan shi ne wurin zama. A ɗakin likita majinyaci ne ke kallon hoto ya ba da labari, likita na saurare. A teburin tarot an yi musayar kujera. Wanda aka biya ne ke kallon hoton yana ba da labari, wanda ya biya kuma ya tafi da labarin gida a matsayin nasa.

Abin da zuciya ke yi wa hasashe

Duba hasashe ne a kan abin da zai faru, kuma an auna yadda halin zuciya ke karkatar da hasashe. A 1981 Gordon Bower na Jami'ar Stanford ya nuna cewa mutum ya fi saurin tuno abin da ya yi daidai da yanayin da yake ciki, mai baƙin ciki abubuwan baƙin ciki ne ke riga zuwa masa. Ga mai duban da ya haddace ma'ana huɗu ko biyar ga kowane kati, wannan kaɗai ya isa ya zaɓa masa wadda za ta fara zuwa bakinsa.

Gwajin Eric Johnson da Amos Tversky na 1983 ya fi kusa da batun. Sun ba mutane gajeren labari irin na jarida a kan mutuwar wani matashi, sannan suka ce su ƙiyasta yawan masu mutuwa ta hanyoyi daban-daban. Wanda ya karanta labarin kisan kai bai tsaya ga ƙara ƙiyasin kisan kai ba, har na gobara da ambaliya da cututtuka ya ƙara. Labari mai daɗi kuma ya rage ƙiyasin. Ke nan ɓacin ran bai tsaya a kan abin da ya jawo shi ba, ya bazu kamar manja a farar riga. Mai duban da ya ji mummunan labari daga asibiti da safe ba sai an tambaye shi a kan lafiya ne kawai duhun zai fito ba, zai fito a tambayar kasuwanci da ta tafiya.

Jennifer Lerner da Dacher Keltner sun ƙara wani abu a 2001 da ke rushe rabon nan mai sauƙi na "ran mai duba a ɓace, duba ya yi baƙi". Tsoro da fushi duk ɓacin rai ne, amma sun raba hanya: masu jin tsoro sun hango haɗari ko'ina, masu fushi kuwa hasashensu ya yi kama da na masu farin ciki, suna ganin komai a hannunsu yake. Idan aka kai wannan teburin duba, mai fargaba zai ce a dakata, a yi hattara, kada a sa hannu a takardar. Mai fushi shi ne zai ce a ajiye aikin, a fita daga gidan, a faɗa wa mutumin gaskiya a fuskarsa. Na biyun ya fi haɗari, don a kunnen mai sauraro ƙarfin gwiwa yake kama da shi, kuma mutane sun fi son mai duban da ba ya inda-inda.

Kada a ce wannan raunin marasa horo ne. Ozkan Eren da Naci Mocan sun bi hukunce-hukuncen kotunan yara na jihar Louisiana daga 1996 zuwa 2012, suka wallafa sakamakon a 2018. Sun gano cewa a makon da ke biyo bayan wasan da ƙungiyar ƙwallon Jami'ar Jihar Louisiana ta sha kashin da ba a zata ba, hukuncin da alƙalai ke yanke wa yara yakan ƙara tsawo, abin ya fi ƙarfi a wurin alƙalan da suka yi digirin farko a jami'ar, kuma yara baƙar fata ne suka fi ɗaukar nauyin. Alƙali ke nan, mai kundin doka a gabansa da kotun ɗaukaka ƙara a samansa. Fikihun Musulunci ya riga ya san wannan ƙofa: hadisin Abu Bakra da ke Bukhari da Muslim ya hana alƙali yin hukunci yana cikin fushi, malamai kuma suka yi ƙiyasi suka haɗa da yunwa mai tsanani da gyangyaɗi da baƙin ciki. Mai duba ba shi da kundi, ba shi da mai ɗaukaka ƙara.

Akwai ɗan haske a aikin Norbert Schwarz da Gerald Clore na 1983. Sun bugo wa mutane waya a ranakun rana da na ruwa suna tambayar yadda suke ganin rayuwarsu. Na ranar ruwa sun ba da amsa mai rauni, sai dai idan an fara tambayar su yadda gari yake, a nan bambancin yakan ɓace. Wani babban bincike na Richard Lucas da Nicole Lawless a 2013, mai mutum sama da miliyan ɗaya, bai sami tasirin yanayin sama mai ƙarfi haka ba, don haka kada a ɗora wa zancen ruwan sama kaya da yawa. Amma tunanin da ke ƙarƙashinsa ya samu goyon bayan wasu gwaje-gwajen: mutum yakan ɗauki abin da yake ji a matsayin labari game da abin da ke gabansa, har sai ya gane daga inda jin ya taso. Matsalar mai duba ita ce sana'arsa ta koya masa akasin haka. An ce masa idan kati ya fito ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi, wannan nauyin saƙo ne game da mai tambaya. "Jikina ya ba ni" shi ne jarinsa. Ba shi da wata alama a ciki da za ta ce masa wannan nauyin na matar da ke gabansa ne, wancan kuma na rigimar da ya baro a gida.

Labarin zuciya a tambayi fuska

Wasu masu duba sukan ce sun iya ajiye damuwarsu a bakin ƙofa. Wani doki a Berlin ya nuna wuyar hakan. Sunansa Hans, mai shi malamin lissafi ne mai ritaya, Wilhelm von Osten, kuma dokin yakan amsa tambayar lissafi ta hanyar buga kofato a ƙasa. Kwamitin da ya bincike shi a 1904 bai sami zamba ba. Oskar Pfungst ne ya gano bakin zaren, ya wallafa a 1907: idan mai tambaya bai san amsar ba, ko dokin ba ya ganinsa, sai lissafi ya rushe. Mai tambaya yakan ɗan sunkuya idan doki ya fara bugu, ya ɗan ɗago kai idan an zo lambar da yake jira, motsin da bai kai a lura da shi ba, shi kansa bai san yana yi ba. Abin da ya fi ban mamaki, Pfungst da ya gano sirrin, idan ya tsaya gaban dokin yakan ba da alamar ko da ya yi niyyar dannewa.

Wanda ya zo duba ya fi Hans zuba ido. Yana kallon fuskar mai duba a daidai lokacin da aka juya kati, kafin a ce uffan. Ɗan jan numfashi idan Hasumiya ta fito, kati na 16 mai tsawa da mutane biyu suna faɗowa, ko shirun daƙiƙa biyu a kan Mutuwa, kati na 13, ya riga ya isar da saƙo. Bayanin da zai biyo baya, cewa Mutuwa sauyi take nufi ba makabarta ba, ya makara. Elaine Hatfield da John Cacioppo da Richard Rapson sun tattara shaidu a littafinsu na farkon shekarun 1990 cewa mutane na kwaikwayon fuska da murya da zaman wanda suke tare da shi ba da saninsu ba, daga nan yanayinsa ya kama su kamar hamma. Sai abin ya zama zagaye: fargabar mai duba ta kama mai tambaya, mai duba ya ga fargaba a fuskarsa, ya ɗauke ta shaida cewa kati ya taɓa inda ke ciwo, ya ƙara nitsawa ta wannan hanya.

Me ya sa kuskuren ba ya fitowa fili

Makaniken da ya ɗaura birki cikin fushi ya bar kusa a kwance, mota za ta tona shi. Mai duba ba shi da abin da zai tona shi, kuma labarin Ray Hyman ya nuna dalili. Hyman, wanda daga baya ya zama farfesan halayyar ɗan Adam a Jami'ar Oregon, ya fara duban tafin hannu yana matashi don ƙarin kuɗin shiga. Da farko bai yarda da abin ba, amma yawan masu ce masa ya faɗi daidai ya sa ya yi imani. Wani gwanin wasan karanta zuciya, Stanley Jaks, ya ba shi shawara ya gwada faɗin akasin abin da layukan hannu suka nuna. Ya gwada, kuma mutane suka ci gaba da gamsuwa kamar da. Ya ba da wannan labari a maƙalarsa ta 1977 a mujallar The Zetetic. Idan fassara da kishiyarta duk suna samun "wallahi haka ne", to fassarar da ɓacin rai ya karkatar ma za ta samu.

Bertram Forer ya riga ya nuna ɗaya gefen a 1948. Ya yi wa ɗalibansa 39 gwajin hali, ya ba kowa takardar sakamako da sunansa a kai, ya ce su auna dacewarta daga 0 zuwa 5. Matsakaicin makin ya kai kusan 4.3. Takarda ɗaya ce ya raba wa kowa, jimlolin kuma daga wani littafin taurari na bakin titi ya tsinto yawancinsu. Paul Meehl ya raɗa wa abin sunan Barnum a 1956, sunan wani shahararren mai nishaɗantar da jama'a. Riga ce mai shiga kowa, kowa kuma ya rantse telansa ne ya auna shi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: mai tambaya da kansa ke ɗauko abin da ya faru da shi ya cusa a cikin maganar.

Susan Blackmore ta kai gwajin kan tarot kai tsaye. Ita kanta mai duba da katin ce a lokacin da take neman digirin digirgir a Jami'ar Surrey, kuma masu zuwa wurinta suna yaba mata. Ta shirya a yi duba ba tare da ido da ido ba, a rubuta, a ba mutane su zaɓo nasu a cikin na wasu. Gwajin farko ya yi kamar ya ba katin gaskiya, amma akwai ɓaraka a tsarinsa. Da aka toshe ta aka maimaita sau biyu, mutane ba su gane nasu fiye da abin da dace zai bayar ba. Ta wallafa wannan a 1983. Abin da ke aiki a zaman duba, in ji wannan sakamako, yana tsakanin mutanen biyu ne. To a nan ɗin ne kuma halin zuciyar mai duba yake zaune.

Turaren kati da kujerar mai sa ido

Ba za a ce masu sana'ar ba su san da matsalar ba. Littattafan koyon tarot cike suke da gargaɗi: kada ka yi duba kana cikin fushi, ko gajiya, ko maye, ka yi hattara da yi wa kanka, ko matarka, ko aminin da ka riga ka yanke hukunci a kan saurayinta. Suna da al'adun share fage, kamar jan dogon numfashi kafin a fara, da ƙwanƙwasa kartar, da yi mata hayaƙin ganye, da naɗe ta a ƙyallen siliki, da kwanar da ita a hasken wata. Wasu daga cikin waɗannan suna da amfani ta hanyar da masu yin su ba su nufa ba, domin minti biyu na shiru na iya sa mutum ya lura cewa ransa a ɓace yake, wanda shi ne abin da Schwarz da Clore suka ce yana rage tasirin. Amma hayaƙi da siliki sun mayar da laifin kan takarda. An wanke kwano an bar hannu.

Masu maganin ƙwaƙwalwa ta hanyar zance sun yi karo da wannan dutse tun da wuri. A taron Nuremberg na 1910 Sigmund Freud ya yi magana a kan martanin da zuciyar likita ke mayarwa ga majinyaci, ya ɗauke shi cikas da dole likita ya gane ya shawo kansa. Paula Heimann ta juya zancen a takardar da ta gabatar a Zurich a 1949, aka buga a 1950: abin da likita ke ji a gaban majinyaci kayan aiki ne, yana iya nuna masa abin da majinyacin bai furta ba. Masu duba za su ji daɗin wannan, don kusan abin da suke faɗa ke nan game da ilhami, kuma akwai gaskiya a ciki. Wanda ya shekara ashirin yana sauraron masu kukan aure da bashi ya san abubuwa da yawa game da mutane. Sai dai Heimann ta gindaya sharaɗi, cewa likitan ya riga ya zauna a kujerar majinyaci an tone nasa ciwon, don ya iya bambance nasa da na wani. Fannin kuma ya ɗora wa masu koyo zama da wani babba mai sa ido a kan aikinsu. Michael Balint ya kai irin wannan zama ga likitocin unguwa a Landan a shekarun 1950, suna haɗuwa su tattauna majinyatan da suka tsaya musu a rai.

Ƙungiyoyin masu tarot na Amurka da na Birtaniya suna da ƙa'idojin aiki, ciki har da tura mutum wurin likita ko lauya idan tambayarsa ta can ce. Shiga ƙungiyar ganin dama ne, kuma wanda ya sayi karta yau zai iya buɗe shafi gobe. Bambanci mafi girma dai a lafazi yake. Mai ba da shawara yakan ce "ni a ganina", mai sauraro ya san ra'ayi ne, ya auna shi da abin da ya sani game da mai maganar. Mai duba cewa yake "kati ya nuna". Ra'ayin ya fito ba sa hannu, mai tambaya kuma ba shi da dalilin tambayar ko mai duba ya yi barci jiya. Alejandro Jodorowsky, mai shirya fina-finai ɗan asalin Chile da ya shekara da shekaru yana duba kyauta a wani gidan shayi a Paris, ya rage wa kansa wannan iko ta hanyar ƙin faɗin abin da zai faru, yana tsayawa ga halin da mutum ke ciki yanzu.

Akwai kuma wani ji da ba a cika lissafa shi ba, wato tsoron rasa abinci. Arlie Hochschild ta kira irin wannan aiki ƙwadagon zuciya a littafinta na 1983 a kan ma'aikatan jirgin sama, masu murmushi don albashi ko ransu na ƙuna. A layukan wayar duba na Amurka a shekarun 1990 da minti ake caji. Kamfanin da ya yi talla da mai duba Miss Cleo da katunanta a talabijin a lokacin yana karɓar dala 4.99 a minti, kuma a 2002 hukumar kula da kasuwanci ta tarayya ta kai shi kotu, aka sasanta a kan ya yafe bashin kusan dala miliyan 500 da yake bin masu kira, ya biya tarar miliyan 5. Mai duban da ke kan irin wannan layi, kuɗin haya na jiransa, ya san cewa albishir yakan sa a yi godiya a kashe waya, gargaɗi kuwa yakan jawo "to yanzu yaya zan yi?" Ba sai ya ƙudurta zamba ba kafin idonsa ya riƙa sauka a kan takubba.

Gwajin da za a iya yi

Hujjar wannan maƙala tana karɓar awo, kuma kayan awon ba su da tsada. A tara masu duba da suka ƙware, a raba su uku ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya su rubuta labarin abin da ya taɓa ba su tsoro, kashi ɗaya abin da ya fusata su, kashi na uku yadda suka yi cefanen jiya, irin dabarar da Lerner da Keltner suka bi wajen tayar da yanayi. Sannan a ba kowa tambaya ɗaya a rubuce, daga mace ɗaya da ba za su gani ba, da jerin kati uku iri ɗaya, Kofuna Biyar a tsakiya. A naɗi muryoyinsu, a ba masu tantancewa da ba su san rukunin kowa ba. Su ƙirga sau nawa aka ce ta dakata, sau nawa aka ce ta tafi, daƙiƙa nawa aka ɓata a kan kofuna ukun da suka zube kafin a ambaci biyun da ke tsaye, da kuma mutum nawa ne suka gama duban ba su ambace su ba sam. A ƙarshe a tambayi kowane mai duba ko yana jin abin da ya rubuta da farko ya taɓa fassararsa, a ajiye amsarsa kusa da abin da aka ƙirga.